Shugabancin Hukumar Gudanarwar Kamfanin Hanyoyi na Gwamnati: Tarihin SANRAL na Afirka ta Kudu

Gabatarwa

Wannan takarda za ta duba tarihin wani muƙami da ba a cika jin labarinsa ba, wato shugabancin hukumar gudanarwar kamfanin da gwamnati ta mallaka, ta kuma damƙa wa manyan hanyoyin ƙasa. Misalin da aka ɗauka shi ne kamfanin SANRAL na Afirka ta Kudu, daga 1998 zuwa 2024. Yana da kyau ɗalibi ya bambanta muƙamai biyu tun daga farko. Babban darakta ma'aikaci ne na kullum, shi ke tafiyar da ofis da injiniyoyi. Shugaban hukumar gudanarwa kuwa shi ke jagorantar zaman mutanen da aka naɗa su sa wa babban darakta ido, su amince da kasafi da manyan kwangiloli, su kuma ba da bahasi idan abu ya ɓaci. Abin da tarihin zai nuna shi ne, doka ta ɗora wa wannan kujera nauyi mai yawa, amma sau da dama wuƙa da nama suna hannun wasu.

Kafuwar kamfanin

Kafin 1998, wani sashe ne na ma'aikatar sufuri ke kula da manyan hanyoyin Afirka ta Kudu. A zamanin ministan sufuri Mac Maharaj, majalisa ta zartar da doka mai lamba 7 ta 1998, aka kafa SANRAL a watan Afrilu na wannan shekara, aka naɗa injiniya Nazir Alli babban darakta. An yi wa kamfanin rajista kamar kowane kamfani, sai dai mai hannun jari ɗaya ne tak, wato gwamnati, kuma ministan sufuri ne wakilinta. Shi ke naɗa shugaban hukumar gudanarwa da akasarin mambobinta. A teburin akwai jami'in ma'aikatar sufuri da kuma jami'in baitulmali.

Dalilin wannan tsari shi ne kuɗi. Kamfani na iya sayar da takardun bashi ga masu zuba jari, ya gina hanya yau, ya biya sannu a hankali da abin da yake karɓa daga masu motoci. Dokar ta raba asusun kamfanin gida biyu. Hanyoyin da ba a biyan kuɗi a kansu, waɗanda su ne mafi yawa, baitulmali ke ɗaukar nauyinsu. Hanyoyin biya kuwa su za su ciyar da kansu, su biya bashinsu. A shekarun farko tsarin ya yi aiki. Hanyar N4 mai zuwa Maputo da hanyar N3 mai zuwa Durban an ba kamfanoni masu zaman kansu su riƙe na shekara 30, matafiyi ya tsaya a shinge, ya biya, a ɗaga masa sanda ya wuce, kamar yadda muka saba gani.

Rikicin Gauteng

Lardin Gauteng, inda biranen Johannesburg da Pretoria suke, shi ne cibiyar tattalin arzikin ƙasar, kuma cunkoson motoci ya yi masa katutu. A 2007 majalisar ministoci ta amince da faɗaɗa kimanin kilomita 185 na manyan hanyoyinsa. An fara aiki a 2008, ana sauri saboda gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2010. Aikin ya ci kusan rand biliyan 20, kuma bashi aka ci.

To, hanya ce ta cikin gari mai ɗaukar dubban motoci a kowace sa'a, ba ta yiwuwa a kafa shinge a tsayar da kowa. Sai aka gitta ƙarafa fiye da 40 a saman hanya, ɗauke da na'urorin da ke karanta lambar mota ko wata ƴar na'ura da ake liƙawa a gilashi, daga baya a cire kuɗin ko a aiko wa mai mota takardar biya. Wannan shi ne tsarin da aka sani da e-toll, kuma kamfanin Kapsch na ƙasar Ostiriya ne ke kan gaba cikin masu tafiyar da shi. A nan gizo ke saƙa: shinge yana tilasta biya, amma ƙarfen da ke sama ba ya tare kowa. Idan jama'a suka ƙi, babu abin yi sai a bi su kotu ɗaya bayan ɗaya.

Da aka bayyana farashi a farkon 2011, sai aka yi caa. Mutane suka ce hanyoyin da suka daɗe suna bi kyauta ne, kuma ba a shawarce su yadda ya kamata ba. Ƙungiyar ƙwadago ta COSATU, wadda ƙawar jam'iyyar ANC mai mulki ce, ta fito zanga-zanga a Maris 2012. Aka kuma kafa ƙungiyar OUTA, ƙarƙashin Wayne Duvenage, don yaƙar tsarin a kotu. Ranar 28 ga Afrilu 2012, kafin a fara karɓar kuɗi, babbar kotu a Pretoria ta ba da umarnin dakatarwa. Cikin watan Mayu Nazir Alli ya miƙa takardar ajiye aiki, kuma shugabar hukumar ta lokacin, Tembakazi Mnyaka, ita ta sanar da jama'a. Ba a daɗe ba ya janye, ya ci gaba da aiki har 2016.

A dubi halin da hukumar ta shiga a wannan wata. Ba ita ke da ta cewa ta ƙarshe a kan farashi ba, sai da sa hannun minista. Ba ta da ikon soke tsarin, domin majalisar ministoci ta zaɓe shi. Amma sunan kamfaninta ne a kan takardun bashi, kuma a shekarar ce kamfanin Moody's mai auna ƙarfin biyan bashi ya rage wa SANRAL daraja. Gaba kura, baya sayaki. Kotun tsarin mulki ta ɗage dakatarwar a Satumba 2012, aka soma karɓar kuɗi ranar 3 ga Disamba 2013. A tsakanin nan kuma, a 2013, hukumar hana haɗa baki a kasuwanci ta ci kamfanonin gine-gine 15 tarar rand biliyan 1.46 saboda haɗa baki wajen neman kwangiloli, har da na hanyoyi. Wannan ya ƙara wa masu ƙin biya hujja. Ko a lokacin da biyan ya fi armashi, a 2014, bai kai rabin abin da ya kamata a tara ba. Mataimakin shugaban ƙasa Cyril Ramaphosa ya sanar da rangwame a 2015, amma bai sauya zani ba.

Wata shari'a daga kudancin ƙasar ta fi kowace fito da aikin hukumar fili. Birnin Cape Town ya kai ƙara don hana sa kuɗi a hanyoyin N1 da N2 da ke kusa da shi, ya yi nasara a babbar kotu a 2015, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2016. Cikin dalilan har da cewa ba a sami rubutacciyar shaidar da ke nuna hukumar gudanarwa ta zauna ta yanke shawarar da doka ta ce ita za ta yanke ba. A ganina wannan babban aibi ne. Kiran zama, da gabatar da batu, da tabbatar da an rubuta abin da aka zartar, su ne ainihin aikin shugaban hukuma, kuma a nan babu ministan da za a ɗora wa laifi.

Zamanin Themba Mhambi

A 2018 aka naɗa Themba Mhambi shugaban hukumar, bayan Roshan Morar. Ya tarar kamfanin yana aika wa masu motoci sammaci. A Maris 2019, ana sauran ƴan makonni a yi babban zaɓe, hukumarsa ta zartar da dakatar da bin bashin ta hanyar kotu. Nan take ministan kuɗi Tito Mboweni ya fito fili ya nemi a janye matakin, yana mai cewa wanda ya yi amfani da hanya shi ya kamata ya biya. Shugabannin ANC na Gauteng kuwa, irin su firimiya David Makhura, tuni suka juya wa tsarin baya. Wato jam'iyya ɗaya ce ke mulki a sama da ƙasa, amma baki biyu take magana, hukumar kuma tana tsakiya. Wasu sun ce matakin siyasa ne. Ko ma mene ne, tun da aka daina sammaci, mai ƙin biya ba shi da sauran abin tsoro.

Inda hukumar ta nuna ikonta sosai shi ne a Mayu 2022, lokacin da ta soke neman kwangiloli biyar na kimanin rand biliyan 17.4, ciki har da na gadar Mtentu a lardin Eastern Cape. Hujjarta ita ce, tun a 2020 ta zartar cewa injiniyoyin da suka zana aiki kada su zama su ne masu tantance waɗanda ke neman kwangilarsa, amma ma'aikatan kamfanin ba su bi ba. Ƴan kwangila suka fusata, domin sun kashe kuɗi da lokaci wajen shiri, kuma harkar gine-gine na cikin ƙunci. Ministan sufuri Fikile Mbalula ya mara wa hukumar baya. Aka sake tallar ayyukan, aka sa bankin raya ƙasa na DBSA ya tantance, kafin ƙarshen shekara aka bayar da mafi yawansu, kaso mai tsoka ya tafi ga haɗin gwiwar da ke da kamfanonin ƙasar Sin a ciki. Sabuwar muhawara ta tashi a kan haka. Akwai masu ganin hukumar ta wuce gona da iri, ta shiga aikin da na babban darakta ne. Amma da wuya a ce hukumar da aka take umarninta ta sa hannu a kan biliyoyi ta yi shiru.

Ƙarshen e-toll bai fito daga ɗakin taron hukumar ba. A Oktoba 2022 ministan kuɗi Enoch Godongwana ya shaida wa majalisa cewa gwamnatin ƙasa za ta ɗauki kashi 70 cikin ɗari na bashin, lardin Gauteng ya ɗauki kashi 30, wato kimanin rand biliyan 12.9. An shafe fiye da shekara ana ja-in-ja a kan yadda lardin zai biya da kuma wanda zai ɗauki kuɗin gyaran hanyoyin. Da tsakar daren 11 ga Afrilu 2024, saura makonni bakwai a yi wani zaɓen, ministar sufuri Sindisiwe Chikunga da firimiya Panyaza Lesufi suka halarci bikin kashe na'urorin karɓar kuɗin. A Satumba na wannan shekara lardin ya biya kashin farko, rand biliyan 3.8, daga kasafin da yake gudanar da makarantu da asibitocinsa.