Taya Ɗaya Na Gudu, Ɗaya Na Kallo: Tarihin Difaranshal Mai Ƙayyade Santsi

Duk wanda ya taɓa ganin mota ta kafe a taɓo ko a rairayi ya san wannan abin takaici. Direba na taka totur, inji na ruri, taya ɗaya na wulwulawa tana feshin laka, ɗayar kuwa tana zaune daram a kan tsandauri ko motsi ba ta yi. Masu turi sukan ɗauka wani abu ne ya lalace. Babu abin da ya lalace. Motar tana yin abin da aka ƙera ta ta yi ne, kuma mai sa ta hakan wani dunƙulen haƙoran ƙarfe ne da ke tsakanin tayoyin biyu, wanda ake kira difaranshal.

Ga motar haya, wannan wahalar yini ɗaya ce. Ga mota mai ƙarfi da aka ƙera don gudu, ita ce ke raba nasara da faɗuwa a duk kwanar da aka sha. Kusan shekara casa'in ke nan injiniyoyi suna neman maganinta, kuma kowane zamani da irin maganin da ya kawo. Shi ya sa abin da ake kira difaranshal mai ƙayyade santsi, wanda Turawa ke taƙaitawa da LSD, ba na'ura ɗaya ba ce. Dangi ne masu suna ɗaya da hali daban-daban, kuma wanda bai san asalin kowannensu ba zai iya duba motarsa ya yanke hukuncin da ba daidai ba.

Asalin buƙatar mai sauƙi ce. Idan mota ta sha kwana, tayar waje ta fi ta ciki cin tafiya. A motar da tazarar tayoyinta ta kai mita 1.5, juyawa guda da za ta mai da ita inda ta fito tana sa tayar waje ta zarce ta ciki da kimanin mita 4.7. Amalanke ba ruwanta da wannan, domin kowace ƙafa tana juyawa don kanta. Amma idan inji ɗaya ne zai tura tayoyi biyu, tilas a sami abin da zai isar musu da ƙarfi ya kuma bar kowace ta yi gudunta. Wani Bafaranshe mai gyaran agogo, Onésiphore Pecqueur, ya yi rajistar irin wannan dabara a ƙarshen shekarun 1820 don keken tururi. James Starley na Coventry a Ingila ya sa ta a keke mai ƙafa uku a 1877, kuma motar Karl Benz ta 1886 ta fito da ita.

Aibin wannan buɗaɗɗen difaranshal shi ne adalcinsa ya yi yawa. Kullum daidai wa daida yake raba ƙarfin murɗawa tsakanin tayoyin. Idan tayar da ke kan santsi ba za ta iya riƙe fiye da awo 100 ba kafin ta zame, to wadda ke kan kwalta ma awo 100 za ta samu, ko da za ta iya ɗaukar 1,000. Mai rauni ce ke yanka wa mai ƙarfi rabo. Muddin injuna ba su da ƙarfi sosai, an zauna lafiya da wannan aibi.

Zaman lafiyar ya ƙare a Jamus. A 1934 aka fara aiki da sabuwar dokar gasar Grand Prix, wadda ta ce nauyin mota kada ya wuce kilo 750, ban da direba da mai da ruwa da tayoyi. Masu dokar sun zaci hakan zai hana a sa manyan injuna. Kamfanonin Jamus, da tallafin kuɗi daga gwamnatin Hitila mai neman abin alfahari, suka nuna musu kuskurensu. Ferdinand Porsche ya zana wa Auto Union, gamayyar kamfanoni huɗu da aka kafa a 1932 wadda zobbanta huɗu ke gaban motocin Audi har yau, mota mai inji silinda 16 a bayan direba. Ta fara da ƙarfin doki kusan 295, kafin 1936 samfurin Type C ya kai 520. Duk wannan ƙarfi a kan tayoyi biyu sirara. Direba na iya sa tayar baya ta wulwula a banza ko da motar tana gudun kilomita 160 a sa'a. A wajen fita daga kwana abin ya fi muni, domin nauyin mota yana komawa gefen waje, tayar ciki ta yi sakayau, ita ce kuma ke shanye juyin.

A 1935 Porsche ya kai kukansa ga ZF na Friedrichshafen, kamfanin da aka kafa a 1915 don ƙera wa jiragen Zeppelin haƙoran giya. Abin da suka ƙera ba shi da haƙoran rabo irin na da. Wasu 'yan sanduna ne masu zamiya a tsakanin zobba biyu masu tudu da kwari. Idan bambancin gudun tayoyin kaɗan ne, sandunan sukan bi tudun su sauka. Idan inji ya danno da ƙarfi, sai su cije, tayoyin biyu su tafi tare. Na'ura ce mai gardama da saurin cinyewa, amma motar tsere ba ta neman abin da zai shekara goma. A 1936 Bernd Rosemeyer ya ci kambin Turai da Type C.

Daga filin tsere dabarar ta wuce fagen yaƙi. Kübelwagen, ƙaramar motar sojan Jamus da aka gina a kan tsarin Volkswagen, tayoyinta na baya kaɗai ke ja, amma ta yi suna wajen ratsa rairayin Libiya da taɓon Rasha. Rashin nauyi da tsayin ƙasanta sun taimaka, haka ma difaranshal mai kulle kansa na ZF. An ƙera kimanin 50,000 tsakanin 1940 da 1945.

Amurka ce ta mai da abin kayan kasuwa. A tsakiyar shekarun 1950 injunan silinda takwas sun yi ƙarfi, ga kuma ƙanƙara a jihohin arewa. Packard ta fito da nata a 1956 da sunan Twin Traction. Chevrolet ta biyo a 1957 da Positraction, wanda mai sayen Corvette kan zaɓa ya ƙara kuɗi. Pontiac ta kira nata Safe-T-Track, Chrysler ta ce Sure Grip, Ford ta ce Equa-Lock, daga baya Traction-Lok. Sunaye barkatai, amma akasarinsu hikima ɗaya ce: a bar tsohon difaranshal yadda yake, a jera faya-fayen kuloci a bayan haƙoransa na gefe. Sifirin ko matsin da ƙarfin inji ke haifarwa yana danne faya-fayen, su hana taya ɗaya tsere wa 'yar'uwarta. A Ingila, Jaguar E-Type ta 1961 ta fito da irinsa tun daga masana'anta. Wannan zuri'a ita ce ta fi yawa, kuma tana da halinta: faya-fayen suna cinyewa, suna buƙatar mai na musamman mai sinadarin sassauta guga, in ba haka ba sai a ji motar tana karkarwa tana ƙara a kwanar da aka sha a hankali.

Sunan Positraction ya shiga bakin Amurkawa har ya kai kotu, a fim dai. A My Cousin Vinny na 1992, samari biyu na fuskantar tuhumar kisan kai a Alabama, abin da ya cece su hoton sawun taya ne. Shaidar da Marisa Tomei ta fito a matsayinta ta nuna cewa layuka biyu baƙaƙe masu tsawo ɗaya ba za su fito daga buɗaɗɗen difaranshal ba, ta kuma karkatar da zargin daga Buick Skylark ta 1964 zuwa Pontiac Tempest ta 1963. Tomei ta ci kyautar Oscar. Da wuya a sami wani ƙarfen ƙarƙashin mota da ya taɓa samun irin wannan daraja.

Zuri'a ta gaba ta yi watsi da kuloci. Wani Ba'amurke, Vernon Gleasman, ya yi rajistar tsarinsa a 1958, wanda daga baya kamfanin Gleason ya sayar da sunan Torsen. Murɗaɗɗun haƙora ne irin na sukuru, waɗanda ke juya abokansu cikin sauƙi ta fuska ɗaya amma su yi tauri ta ɗaya fuskar. Torsen ba ya jira taya ta zame. Ninkawa yake yi: idan an tsara shi a kan uku bisa ɗaya, tayar santsi mai riƙe awo 100 za ta sa ɗayar ta sami har 300. Babu faifan da zai cinye, babu ƙara. Sai dai lissafi ba ya ƙarya, sifiri sau uku sifiri ne. Idan taya ɗaya ta tashi sama gaba ɗaya, Torsen ya zama kamar babu shi. Shi ya sa ake koya wa direbobin Humvee na sojan Amurka su ɗan taka birki a irin wannan hali, don tayar da ke reto ta sami abin turjewa. Audi ta sa Torsen a tsakiyar motocinta na quattro daga ƙarshen shekarun 1980.

Akwai kuma mai ruwa: faya-faye masu huji a cikin rufaffen gwangwani cike da ruwan silikon mai kauri. Sai taya ta fara zamewa ruwan ke riƙewa. Yana da laushin hali da araha, amma zafi da shekaru suna kashe ruwan, ya koma buɗaɗɗe ba tare da ya yi ko tari ba.

Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989, ta ɗauki wannan tarihi a jikinta. Samfuran farko masu inji lita 1.6 sun zo da buɗaɗɗe ko mai ruwa. Daga 1994, da inji ya koma lita 1.8, aka ƙara girman difaranshal aka kawo Torsen. Wanda ya sayi tsohuwar motar a yau, bayan ta ratsa hannaye da yawa, ba shi da tabbacin abin da ke ƙarƙashinta. A nan sanannen gwajin makanikai ke shigowa: a ɗaga bayan mota da jak, a fitar da giya, a juya taya ɗaya da hannu. Idan ɗayar ta juya ta kishiyar fuska, buɗaɗɗe ne. Idan ta bi ta fuska ɗaya, mai ƙayyade santsi ne. Gwajin gaskiya ne, amma na zamanin Positraction ne. Kuloci mai sifirin yake kamawa, da mai ruwan da bai mutu ba. Torsen, tun da babu nauyi a kansa, yakan juya ta kishiyar fuska tamkar buɗaɗɗe, sai mai mota ya kashe kuɗi ya sayi abin da yake da shi. A MX-5 hanyar da ta fi tabbas ita ce a zare sandar taya a leƙa ramin: buɗaɗɗe yana da ƙarfe a gicciye a tsakiya, Torsen ba shi da shi.

Masana'antu ma sun bar alamu. Ford takan saka harafin L a cikin lambar da ke kan ɗan allon aksil, a ga 3L73 maimakon 3.73. Tsofaffin BMW suna da S a gaban lambar. General Motors tana rubuta G80 a takardar kayan mota, kodayake a manyan motocinta na ɗaukar kaya wannan lamba tana nufin mai kullewa ɗungurungum, wanda wani abu ne daban. Alama dai tana faɗin abin da aka sa ranar ƙira ne, ba ta san abin da wani makanike ya canja bayan shekara ashirin ba, ba ta kuma san ko faya-fayen sun cinye ba.

Sauyawa kuwa ya wuce cire wannan a sa wancan. Mai MX-5 ta lita 1.6 da ke son Torsen na 1.8 sai ya haɗa da farfela da sandunan tayoyin, domin na da ba za su shiga ba. Wanda zai sa sabon ciki a tsohon gida dole ya daidaita tazarar haƙora da matsin boris da ma'auni, kuskuren da bai kai kaurin takarda ba yana jawo kuka da cinyewa. Sannan ga zaɓin hali. Na kuloci na zamani iri uku ne: mai kamawa lokacin taka totur kaɗai, mai kamawa sosai a totur da kaɗan a sakinsa, da mai kamawa ta kowane hali. Na ƙarshen nan abin so ne ga masu wasan jan mota a karkace irin na Japan, amma a titin gari yana sa mota ta ƙi shiga kwana. Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne buɗaɗɗen difaranshal yana da wata kariya a ɓoye: idan taya ɗaya ta zame, ɗayar tana nan riƙe da bayan motar. Mai ƙayyade santsi yana iya sa su zame tare, kuma a jiƙaƙƙen titi bayan mota kan wuce gabanta kafin direban da bai saba ba ya farga. Lotus ta daɗe tana sayar da Elise da buɗaɗɗe, ba don rowa ba.

Babi na baya-bayan nan na kwamfuta ne. Ferrari F430 ta 2004 ta zo da kuloci wanda na'ura ke matsawa gwargwadon abin da ta karanta daga sitiyari da totur da gudun tayoyi. McLaren ta bi wata hanya. A 1997 mai ɗaukar hoto Darren Heath ya zura kyamara cikin motar Mika Häkkinen ta Formula 1, ya gano ƙarin feda da ke taka birkin tayar baya guda ɗaya. An haramta dabarar a farkon 1998. Da kamfanin ya fito da motar titi MP4-12C a 2011, mai ƙarfin doki kusan 600, sai ya sa mata buɗaɗɗen difaranshal irin na zuri'ar Pecqueur, ya bar wa kwamfuta aikin danne birkin tayar ciki a kwana. Wanda ya ɗaga bayan wannan mota ya juya taya ɗaya, ɗayar za ta juya ta kishiyar fuska, kuma a wannan karon gwajin bai yi kuskure ba.