Kalmomin Ingilishi a Bakin Hausawan Gaya

Yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila su ne suka shata iyakar da ta bar Gaya a hannun Faransawa, Kamba kuwa a hannun Ingilishi. Amma iyakar ba ta tsare fatake ba, balle kalmomin da ke bakinsu. Ta hanyar ciniki ne sule da sisi da kwabo suka ƙetaro, suka tarad da dala da tamma.

Abin lura shi ne, kalmar aro takan sāke ma'ana. Kwabo asalinsa sunan jan ƙarfe ne. Likita a Nijeriya mutum ne, a Nijar kuwa har gidan magani likita ne. Nijeriya ta koma ga naira a 1973, amma har yanzu matalauci cewa yake ba shi da ko sisi.

Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 rubutu suka daidaita, ba su taɓa kalmomi ba. Saboda haka mai tsara wasan kalmomi don yaƙi da jahilci a Gaya sai ya karɓi kwastan da duwan duka, in ba haka ba ya kā da ɗalibin da ya amsa daidai.