Malaman Makaranta da Kuɗin Ilmi

Duk wanda ya kama hanyar Zariya daga birnin Kano, in ya iso Gyaɗi-Gyaɗi a ƙasar Tarauni, zai ga babban asibitin nan mai sunan Malam Aminu Kano. Yawancin mutane da siyasa su ka san shi. Amma kafin siyasa malamin makaranta ne, yana kuwa cikin waɗanda su ka fara tara malaman Arewa wuri guda don su nemi hakkinsu da baki ɗaya.

Abin daga Kudu ya faro. Wajen 1930 ciniki ya faɗi a duniya duka, gyaɗa da auduga su ka rasa daraja, baitulmali ya yi ƙasa. Sai Turawa su ka tsuke bakin aljihu, taimakon da a ke ba makarantu ya ragu, albashin malamai ya taɓu. Cikin wannan hali a ka kafa Ƙungiyar Malaman Nijeriya a Ikko a 1931, shugabanta na fari Rabaran Ransome-Kuti. A Arewa kuwa yawancin malamai ma'aikatan En'e ne, ba su da bakin magana gaban Sarki da Razdan. Sai a 1948, bayan Malam Aminu ya komo daga karatu a Ingila, a ka kafa ƙungiyar malaman Arewa, shi ne magatakardanta. A 1972 malaman Arewa da na Kudu su ka haɗe cikin ƙungiya guda.

A 1976 Janar Obasanjo ya buɗe shirin ilmin firamare kyauta, yara su ka yi ta kwarara makarantu. Ba a daɗe ba kuɗin man fetur ya faɗi. A 1982 Shugaba Shehu Shagari, wanda shi ma tsohon malamin makaranta ne, ya kawo dokar tsimi. A jihohi da yawa malami ya kan yi wata da watanni bai ga albashi ba, ya ci bashin hatsi, ya ci na haya, har ya rasa fuskar bi ta gaban mai kanti. Yajin aiki ya yawaita.

A nan ne halin jama'a ya bayyana. Talakawa ba su ga laifin malamai ba, gama malamin nan maƙwabcinsu ne, sun san abin da a ke dafawa a gidansa. Ƙungiyoyin iyaye da malamai su ka riƙa karo-karo, a sayi alli, a gyara benci, a rufe ajin da iska ta yaye. Masu hali kuwa sai su ka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi. Wannan ya rage wa malamai ƙarfi ƙwarai, don wanda ɗansa ba ya zaman ƙasa, kukan makarantar Gwamnati ba ya hana shi barci.

Duk da haka, a tsakiyar 2008, zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, malaman makarantun Gwamnati na ƙasa duka su ka ajiye alli wajen wata guda, suna neman tsarin albashi nasu na kansu. Ƙungiyar Ƙwadago ta goya musu baya. Daga ƙarshe gwamnoni su ka yarda da ƙarin kashi 27.5 cikin 100, ko da ya ke wasu jihohi sun yi shekaru ba su cika alkawari ba.

A watan Yuni na 2024 Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi, ya faɗa da bakinsa cewa ɗimbin yara a ƙasa su ke zama su ɗauki darasi. Kukan da malamai su ka fara tun 1931 ke nan, Gwamnati da kanta ta maimaita. Allah ya sa a ji.