Asalin Sunayen da A Ke Sa wa Yara a Ƙasar Mafara, da Bakura, da Maradun

Hausawa na cewa suna linzami ne. Amma kuma suna littafin tarihi ne ga wanda ya iya karanta shi, domin in mutum ya kasa kunne a kasuwar Talata Mafara ya ji yadda a ke kiran jama'a, zai ji zamani uku suna magana a wuri ɗaya.

Na farko shi ne zamanin da Musulunci bai kafu ba. A lokacin nan iyaye su kan dubi halin da yaro ya zo a ciki, su sa masa suna da shi. Wanda aka haifa ana cikin noma shi ne Nomau, wanda ya zo ana ruwa Anaruwa. Namijin da ya biyo bayan mata shi ne Tanko, macen da ta biyo bayan maza Kande ko Delu. Mai bin tagwaye Gambo, mai yatsa shida Cindo, wanda ubansa ya rasu yana ciki Audi. Macen da 'ya'yanta ke mutuwa kuwa, watau mai wabi, ta kan kira ɗanta Ajuji ko Bawa, wai don mutuwa ta raina shi ta wuce. Sarakuna ma irin sunayen nan su ke da su, kamar Jatau a cikin sarakunan Zamfara na farko, da Bawa Jangwarzo na Gobir.

Na biyu shi ne zamanin Musulunci. A Kano an fara da su Bagauda da Gijimasu, sa'an nan aka zo kan Ali Yaji wanda Wangarawa suka iske, har zuwa Muhammadu Rumfa da ya hau a 1463. A ƙasashen yamma kuwa jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 shi ya ƙara ƙarfafa abin. Ran kwana bakwai a yanka rago, liman ya raɗa sunan annabi ko na sahabi, a yi wa jariri aski. Wannan shi ne sunan yanka.

To, amma tsofaffin sunaye ba su mutu ba, sai suka koma laƙabi, kuma kunya ce ta tsare su. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, mace ba ta faɗin sunan surukinta. Saboda haka in aka sa wa yaro sunan kakansa, sai a kira shi Abba. Kusan kowane sunan yanka ya sami na sakaya shi: Abubakar ya zama Garba, Umaru Sanda, A'ishatu Indo, Hauwa'u Kulu. Tun bayan jihadi Usmanu ya zama Shehu, Bello kuma ya manne wa Muhammadu saboda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837. Daga Fulani kuma aka sami Dikko da Sambo, watau ɗan fari da mai bi masa.

Sunayen rana su ma daga Larabci su ke. Talata ma'anarta uku, watau rana ta uku in an fara ƙirga daga Lahadi. Daga nan Talatu da Ɗantala suka fito, har garin Talata Mafara kansa ranar kasuwarsa ce ta ba shi suna.

Na uku shi ne zamanin boko. Da Turawa suka buɗe makarantu, sai a tarar da Muhammadu biyar a aji ɗaya, don haka aka riƙa haɗa wa yaro sunan garinsu. Ta haka aka sami Aminu Kano, da Shehu Shagari, da Abubakar Gumi. Wasu kuma sarautar garinsu ce ta zama sunan da aka san su da shi, kamar Ahmad Sani Yariman Bakura wanda ya zama gwamnan Zamfara a 1999, da Bello Matawallen Maradun wanda ya hau a 2019.

Ba mu kaɗai ke da wannan al'ada ba. Ashantawan Gana su kan kira namijin da aka haifa ran Jumma'a Kofi, kamar Ɗanjuma ke nan. Idowu na Yarbawa shi ne Gambo namu. Mabiya addinin Hindu a Indiya su kan yi bikin suna wajen kwana goma sha ɗaya ko sha biyu, su ɗauko gaɓar farko ta sunan daga tauraron da wata ke kansa sa'ad da aka haifi yaron.

Yanzu sunaye irin su Nomau da Ajuji suna ƙaranci, wasu iyaye kuma su kan ɗauko suna don daɗinsa a kunne, ba su san ma'anarsa ba. Musulunci ya hori uba ya zaɓa wa ɗansa kyakkyawan suna, zaɓi kuwa ba ya yiwuwa sai da sani. Ya kamata wanda ya iya rubutu ya zauna da tsofaffin gidansu tun suna da rai, ya tambaye su sunayen kakanni da dalilin kowane, ya rubuta ya ajiye wa 'yan baya.