BABI NA BIYU: TARIHIN HANYOYIN SAMUN UMARNIN KWAMFUTA DAGA MUJALLU DA MATSAYIN YANKIN KAZAURE

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin hanyoyin da masu koyon tsara firogiram suka bi wajen samun umarnin kwamfuta da ke rakiyar maƙalun mujallu. Abin da ake nufi da umarni a nan shi ne jerin layukan da marubuci kan tsara cikin harsunan na'ura, irin su BASIC da Pascal da C, domin mai karatu ya gwada da kansa. Manufar babin ita ce a nuna cewa duk wani sauyi da aka samu a hanyar rarraba wannan umarni ya sauƙaƙa wa wasu, ya kuma nesanta wasu, musamman mazauna Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa.

2.1 Zamanin Takarda

Mujallun farko na ƙananan kwamfutoci sun ɓulla ne a Amurka. An fara buga Creative Computing a 1974, Byte a 1975, sai Dr. Dobb's Journal a watan Janairun 1976, wadda aka kafa musamman don yaɗa wani ƙaramin harshe mai suna Tiny BASIC. A wancan lokaci akan buga umarnin gaba ɗayansa a shafin mujalla, mai karatu ya zauna ya kwafe shi cikin na'urarsa harafi bayan harafi. Kuskuren waƙafi ɗaya ya isa ya hana firogiram aiki. Don magance wannan ne mujallar Compute!'s Gazette ta fito da wata dabara a 1983, inda akan ɗora wa kowane layi lambar tantancewa, na'ura kuma ta nuna tata lambar. In suka saɓa, to akwai kuskure a layin. Duk da wahalar wannan hanya, tana da fa'ida guda: duk wanda mujallar ta shiga hannunsa ya sami darasin cikakke, ko da aronta ya yi.

2.2 Kaset da Rediyo da Faifai

Gajiyar bugu da hannu ta sa aka nemi mafita. A watan Nuwamban 1975 mujallar Byte ta shirya taro a birnin Kansas, inda aka amince da ƙa'ida ɗaya ta adana umarni a kaset a matsayin sauti. A watan Mayun 1977 mujallar Interface Age ta liƙa siririn faifan garmaho na roba a cikin shafukanta. A Holan kuwa, gidan rediyon NOS ya riƙa watsa firogiram ta iska a shekarun 1980 cikin tsarin BASICODE, masu sauraro suna naɗa a kaset. Hukumar BBC ta yi makamancin haka ta talabijin daga 1983 zuwa 1989. Daga nan aka koma maƙala faifan filofi a bangon mujalla, sannan faifan CD a shekarun 1990.

2.3 Zamanin Layin Tarho

Babban sauyin da ya shafi wannan nazari ya zo ne da layin tarho. A 1985 Byte ta buɗe wa masu karatunta dandalin BIX, wasu mujallun kuma suka riƙa ajiye umarninsu a CompuServe, daga baya a rumbunan intanet. Tun daga nan sai ya zamana ana buga gutsure kawai a shafi, a umarci mai karatu ya ɗauko sauran ta waya. Ga Ba'amurke wannan sauƙi ne. Ga mai karatu na nesa kuwa, sai ya mallaki layi da modem da kuɗin kiran ƙasar waje kafin ya kammala darasin da a da takarda kaɗai ta wadatar.

2.4 Halin da Yankin Kazaure Ya Kasance

Wannan sauyi ya zo daidai da lokacin da tattalin arzikin Nijeriya ya tsuke. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, ya karya darajar naira, farashin littattafai da mujallun ƙetare ya yi tashin gwauron zabo. Haka kuma, zuwa shekarar 2000 layukan NITEL masu aiki ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100, kuma galibinsu a manyan birane suke. Ke nan ɗalibin da ke Roni ko Gwiwa, ko da ya sami mujallar daga Kano, rabin darasi ya samu.

An ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991. A shekarar ne aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar, wadda daga baya aka raɗa wa sunan Sarkin Kazaure Hussaini Adamu, gwamnatin tarayya kuma ta karɓe ta a 2007. A 2001, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka buɗe cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure tare da haɗin gwiwar kamfanin Informatics na Singafo. A watan Agustan wannan shekara ne kuma wayar salula ta GSM ta fara aiki a ƙasar. Sai dai a lokacin zamanin mujallu ya riga ya fara shuɗewa: Byte ta daina fitowa a takarda a 1998, Dr. Dobb's a 2009, yayin da GitHub, wanda aka buɗe a 2008, ya zama babban rumbun umarni.

2.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa koyar da kwamfuta ya kankama a yankin Kazaure ne bayan umarni ya bar shafin mujalla ya koma intanet. Ribar wannan a fili take, domin ɗalibi na iya ɗauko dubban layuka cikin daƙiƙa kaɗan. Amma kwafa da hannu kan tilasta wa mai koyo ya karanta kowane layi, ya nemo kuskurensa da kansa. Tun da hanyar yanzu ba ta tilasta haka, nauyin ya koma wuyan malami. Yadda ake sauke wannan nauyi a makarantun yankin shi ne abin da babi na uku zai duba.