Numfashi a Hankali: Hanyar Sassauta Damuwa a Jiki da Zuciya

Mai karatu, idan bazara ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, kuɗin tiyar hatsi kuma ya hau a kasuwar Maradi, ka lura da abin da yake faruwa a jikinka. Barci yakan ƙaurace maka, wuya ya sage, kai ya yi nauyi, gaba ya riƙa faɗuwa. Wannan ba ragwanci ba ne. Damuwa ce ta sauko daga tunani ta shiga jiki.

Yadda abin yake

Idan mutum ya tsorata ko ya shiga tunani mai yawa, jikinsa yakan saki wasu sinadarai a cikin jini. Su ne suke sa zuciya ta buga da sauri, numfashi ya gajarce, tsoka ta ɗaure. Hakan yana da amfani ga wanda ya yi kiciɓis da maciji a gona, domin yana bukatar gudu. Amma idan halin ya daɗe wata da watanni, yana iya taimakawa wajen kawo hawan jini da rashin barci.

Ba ka da ikon umartar zuciyarka ta rage gudu, amma kana da iko da numfashinka. Baligi yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Idan ka rage shi zuwa kamar sau 6, kana jan fitar iska ya fi shigarta tsawo, bugun zuciya yakan lafa. Mutanen Indiya da na Sin sun daɗe da irin wannan horo. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka numfashi a hankali cikin littafinta na shawarwari ga masu fama da damuwa.

Ɗan kokawa ma ya san wannan sirri. Tun da Kantu na Maradi ya ci takobin ƙasa na farko a Tawa a 1975, masu kallo suke shaida cewa ƙarfi kaɗai ba ya kayar da abokin karawa, sai an haɗa da natsuwa.

Yadda za ka yi

Sami inuwa ka zauna a kan tabarma, bayanka a miƙe. Ɗora hannu ɗaya a kan cikinka. Shaƙi iska ta hanci kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, har ka ji cikin ya taso. Sai ka sake ta sannu a hankali kana ƙirga ɗaya zuwa shida. Maimaita sau goma. Tunani zai zo ya ɗauke maka hankali, haka yake yi wa kowa. Ka dawo da shi kan ƙirgar kawai. Idan ka ji jiri, dakata. Bayan sallar asuba da kafin kwanciya su ne lokutan da suka fi sauƙin kiyayewa.

Motsa jiki ma yana taimakawa. Hukumar ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako. Mai noman rani a Jiratawa da mai daka a Tsibiri sun wuce wannan adadi, abin da ya fi ƙaranta gare su shi ne hutu. Mai zaman kanti ko tela shi ya kamata ya riƙa taka ƙafa da yamma.

Lokacin zuwa likita

Numfashi ba ya maye gurbin magani. Mai hawan jini kada ya bar ƙwayoyinsa. Kada kuma ka nemi sauƙi wajen tramol na masu talla, domin yana kama mutum. Je likita ba tare da jinkiri ba idan kana ciwon ƙirji, ko baƙin ciki ya hana ka ci da aiki fiye da mako biyu, ko tunanin halaka kanka ya zo maka. Haka ma maijegon da ta kasa sakewa da jaririnta, a raka ta a duba ta.