Gaskiya Ta Fi Kwabo da Masu Karatunta

Kafin zuwan Turawa, idan sarki yana da magana da jama'arsa, mai shela ne ke kai ta kasuwa, ko kuwa a aika wa hakimi takarda, shi kuma ya isar wa dagatai da masu unguwanni. Magana ce mai gangarowa daga sama, talaka nasa shi ne ji da bi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin watan Janairu na 1939, tana cikin manyan abubuwan da suka sauya wannan tsari a Arewacin Nijeriya.

Gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa ta, a daidai lokacin da yaƙi ke ƙaratowa a Turai, jita-jita kuma ta bazu cewa Ingila za ta miƙa ƙasar nan ga Jamus. Aka ɗora aikin a kan Dokta Rupert East na Hukumar Talifi, aka kuma naɗa Malam Abubakar Imam, wanda dā malami ne a Makarantar Midil ta Katsina, ya zama editan Hausa. Wahalar da ke gabansu iri biyu ce. Ta farko, masu karatun boko kaɗan ne ƙwarai. Ta biyu kuwa, wadda ta fi wuya, jarida ce ta Hukuma, mutane kuma ba su cika sakin jiki da zancen Nasara ba.

Game da ta farkon, harshe ne ya yi aiki. Malam Abubakar ya riƙa tsara labarin yaƙin Hitila da Hausar da ake ji a zaure, da karin magana da misalai na gida, har ya zama idan mutum ɗaya ya sayi jarida da kwabonsa, sai ya zauna ya karanta wa jama'a a ƙofar gida ko a bakin kasuwa. A lokacin yaƙin kuma an buga 'Yar Gaskiya cikin ajami, domin malamai da almajirai waɗanda ba su san boko ba.

Ta biyun kuwa, watau samun amincewar jama'a, filin wasiƙu ne ya kawo ta. Malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e suka shiga rubuto ra'ayoyinsu game da ilmi da sha'anin mulki da halin zaman talakawa, ana bugawa, wasu kuma suna mayar da martani. Wanda ya ga wasiƙarsa a jarida ya daina ɗaukarta kayan Turawa, ya koma yana jin yana da haƙƙi a cikinta. Da irin waɗannan koke-koke ne editan ya tafi Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, inda ya sadu da Lugga ya bayyana masa damuwar 'yan bokon Arewa. Ya zuwa 1945 aikin ya bunƙasa har aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya.

Da rediyo ya zo, wannan hanya ya bi. Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ya keɓe fili don amsa takardun masu sauraro, Gidan Rediyon Kaduna kuma, wanda ya fara aiki a 1962, ya jawo jama'a da shirin Zaɓi Sonka, inda mutum ke jin an ambaci sunansa da na 'yan'uwansa.

Abin lura ga ma'aikacin watsa labarai shi ne, Hukuma ta kafa Gaskiya ne don ta yi wa jama'a magana, amma jaridar ta sami karɓuwa ne sa'ad da ta ba jama'a dama su ma su yi tasu.